Igiyar Malama Rabi

Malama Rabi ta haura shekara talatin tana gwada 'yan sikawut mata a cikin birni. Aikinta shi ne ta duba yarinya, ta ga ko ta iya abin da ake cewa ta iya, sannan ta sa hannu a katinta a ba ta bajon mataki na gaba. In ba ta sa hannu ba, babu bajo.

Mu takwas muka je gidanta a Mandawari, shekarar da sojoji suka koma bariki. Sabon kansilan unguwarmu ya yi alkawarin ɗinka wa 'yan sikawut ɗin makarantarmu kaya, mu yi fareti ranar da za a buɗe famfon da ya gina. Amma ya ce yana son ganin bajon mataki na biyu a kowace kafaɗa. Mu kuwa na farko kawai muke da shi, tun muna aji ɗaya. Daga nan aka yi wa malamar da ke kula da mu canjin makaranta, aka shiga yajin aiki, aka fito, aka sake komawa. Shekara biyu babu wadda ta taɓa igiya a cikinmu. Ni dai ina son sa hannun nan. Yayata ta same shi kafin ta bar makaranta, katinta yana nan a ƙasan akwatin Inna, na sha ɗauko shi ina kallo.

Ranar Alhamis muka je, saboda babu Islamiyya. Bilki ce shugabarmu, ita ta yi magana bayan mun gaisa.

"Malama, katunan ne muka kawo. Ai ba wani abu ba ne, ƙulle-ƙulle ne da ɗaurin ciwo. Duk mun taɓa yi."

Malama ta dube ta ta saman tabarau. Ƙafar tabaran ta hagu ta karye, an ɗaure ta da baƙin zare, ɗauri ƙarami mai kyau.

"Kun taɓa yi," in ji ta. "Ni ma na taɓa gudu. Miƙo min jakar can."

Jakar kaki ce wadda ta koɗe. Ta zazzage ta a kan tabarma tana nuna mana kayan ɗaya-ɗaya: usur na ƙarfe, bandeji mai kusurwa uku da aka yanka daga tsohon zanen gado, kwalbar magani da tsinken ashana biyu a ciki, alƙalami, da igiyoyin auduga a nannaɗe. A jikin bango akwai sanduna uku masu tsayi da tukunyar ƙarfe mai mariƙi.

"Ashana biyu," ta ce, tana girgiza kwalbar. "Wadda ba ta hura wuta da biyu ba, kwali guda ma ba zai ishe ta ba. Alƙalamin nan shi ne mafi sauƙin ɗauka a jakar, shi ya sa nake ajiye shi a can ƙasa."

Ta ce aikin farko da ta yi a sana'ar shi ne ɗaukar wannan jakar. Ta wata Malama Dije ce, wadda ta koya mata. Shekara shida tana bin ta daga makaranta zuwa makaranta, ba ta taɓa sa hannu a kati ko ɗaya ba. Abin da aka sa ta kawai shi ne ta kwance ƙullin da yara suka yi.

"Na ɗauka wulaƙanci ne. Ashe a kwancewa ake sanin ƙulli. Na gaskiya, ko ya ɗauki nauyi yini guda, kina tura shi da babban yatsa zai buɗe miki. Na ƙarya, ko dai ya zame tun ba ki taɓa shi ba, ko ya cije sai kin sa haƙori. Malama Dije ba ta kallon fuskar yarinya. Ta ce fuska ta kowa ce, kowa ya iya gyara ta. Hannu take kallo."

Ta ba mu labarin wata jarrabawa a wata makaranta ta wajen Shahuci. Yara ashirin, kowacce ta miƙo ƙulli daidai, babu kuskure ko ɗaya. Malama Dije ta jera su a kan tebur, ta ga duk wutsiyar igiyar ta hagu ta ɗan fi ta dama tsawo, iri ɗaya, har ashirin. Sai ta tambaya wace ce bahaguwa a ajin. Yarinya ɗaya ta ɗaga hannu. Ita ta ƙulla wa kowa a bayan aji, ana biyan ta da gyaɗa.

"Ita kaɗai aka sa wa hannu," in ji Malama. "Aka kuma hana ta gyaɗar."

Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Sannan ta raba mana igiyoyin. Kowacce rabinta fari ne, rabinta shuɗi mai duhu. Ta ce wani marini a Ƙofar Mata, Malam Sule, shi yake tsoma mata su a karofi tun da daɗewa. Da launi biyu ana ganin inda kowane baki ya bi, ba a rikicewa. Ta nuna mana ƙulli huɗu, da sunayen da ita ta sa musu: ƙullin kwance na ɗaure bandeji, ƙullin aure na haɗa igiya mai kauri da siririya, ƙullin guga wanda ba ya shaƙewa, da ɗaurin sanduna uku da ake rataya tukunya a kan wuta. Sau biyu ta yi kowanne, a hankali.

"Mako biyu," ta ce. "Kullum, ko da sau goma ne. Alhamis mai zuwa ku zo in ga inda kuka kwana. Ta bayanta ita ce jarrabawa."

Da na ɗauki tawa na ji warin karofi, irin na toka da ruwan da ya kwana. Na ga kuma ta bar min ɗan shuɗi a gefen yatsa.

Alhamis ta biyu mun tarar da Kansila a zauren gidan. Sabuwar shadda ce a jikinsa, har da layin guga. Daga tsakar gida muna jin su.

"Hajiya Malama, yanzu fa mulkin farar hula ake. A sauƙaƙa wa jama'a. Yara ne, fareti ne na minti goma."

"Ranka ya daɗe, igiya ba ta san an canza gwamnati ba."

"To ko ki sa musu hannu, daga baya su koya."

"An taɓa gaya min haka. Wanda ya gaya min ma da bindiga a bayansa."

Ya ce zai aiko mata da atamfa cikin kayan faretin. Ta ce Allah ya saka da alheri, a ba wa matar da ke share makarantar. Da ta shigo ta zauna, ta daɗe tana kallon mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ta turo shi?"

Bilki ta shiga gyara hijabinta.

"Masu kawo min aiki iri uku ne," in ji Malama. "Akwai shugabar makaranta mai son a ce yaranta sun fi na kowa. Akwai uwa mai zuwa da ƙwaryar alkaki kwana ɗaya kafin jarrabawa. Akwai mai mulki da ke da baƙi. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa ce min in gwada 'yarsa da kyau. Ku matso, in gaya muku shekarar da na ji maganarsu."

Ta ce lokacin soja ne. Aka aiko daga ofis cewa ana son yara arba'in masu bajo nan da kwana biyar, wani babba zai zo. Ta ce ba su shirya ba. Aka tuna mata cewa ita ma ma'aikaciya ce, ana iya tura ta ƙauyen da mota ba ta zuwa. Ta zauna a ofishin shugabar makaranta ta sa hannu a kati arba'in, ba ta ko buɗe jakarta ba. Aka yi fareti, aka tafa.

"Bayan damina muka fita sansani bayan gari. Na ce wata mai bajo ta kafa sanduna ta rataya tukunyar kunu. Ban duba ba. Me zan duba, ga sunana a katinta? Ta naɗa igiyar a jikin sandunan, amma ba ta bi tsakaninsu ta matse ba. Daga nesa daidai yake. Kunu yana tafasa sanda ɗaya ta zame. Wata 'yar aji ɗaya, Saude, tana tsugune tana tura itace."

Ta nuna ƙafarta ta dama, daga idon sawu zuwa yatsu.

"Daga nan zuwa nan. Wata uku ba ta sa takalmi ba. Ubanta bai kai ƙara ba. Ya zo har zauren nan ya ce yana so ya ga katin wadda ta yi ɗaurin. Na nuna masa. Ya karanta sunana a ƙasa, ya miƙo min, ya ce sai an jima. Yanzu Saude tana da 'ya'ya huɗu, tana nan bayan kasuwa. In mun haɗu ita ke fara gaishe ni."

Daga nan ta sa muka yi ƙullin kwance. Na Bilki ya karkace, ta ja shi ya zame. Na sauran ma haka. Nawa ya kwanta, amma sai da na sake sau biyu. Malama ta ce dai saura mako ɗaya.

A hanya Bilki ta gaya mana abin da gwaggonta ta faɗa mata. Ashe Malam Sule ba ya ɗauraye igiyoyin bayan ya rina, Malama ce ta hana shi. Duk wadda ta yi ta ƙulli, shunin zai zauna mata a hannu. Kafin Malama ta ce ki ƙulla komai, ta riga ta karanta hannunki.

"In ta ga shuɗi, rabin jarrabawar ya wuce," in ji Bilki. "In kin yi kuskure sai ta ce tsoro ne. Ni ga jarrabawar lissafi, ga talla, yaushe zan zauna wasa da igiya?"

Ranar Laraba na gan ta a shagon bakin layinmu tana sayen bular wanki, ƙulli uku. Gidansu kuwa ba ranar Laraba suke wanki ba. Ta gan ni, ta ɗora yatsa a baki.

Ni na yi ta yi a gida. Ƙullin aure da ɗaurin sanduna suna son wanda zai riƙe miki baki ɗaya, ni kuma ban iya cewa kowa ya riƙe min ba. Sai in zauna a bayan ɗakin Inna in miƙe ƙafa, in maƙale igiyar a babban yatsan ƙafata, in ja. Sanduna kuwa da muciya da tsofaffin karare biyu na yi amfani. Zuwa ƙarshen mako gefen manuniyata da cikin babban yatsana sun yi shuɗi, har ƙarƙashin farce.

Sai matar yayana ta haihu, suna ya faɗo ranar Juma'a. Ran Laraba da yamma mai lalle ta zo gidan. Inna ta kira ni ta ce in miƙo hannu. Na buɗe baki zan ce a bari sai jibi, na ga mata cike da tsakar gida suna kallona, sai na miƙa. Aka dambara min har wuyan hannu. Da aka zo kan ƙafa aka kira mai lallen ta ci abinci, na sulale. Da safe hannuna ya yi ja har ya koma baƙi-baƙi. Babu ko ɗigon shuɗi.

Ranar jarrabawa Malama ta jera mu a gindin rijiyarta ta ce mu miƙo hannuwa. Bakwai suka miƙo shuɗi. Na lura na Bilki ya cika tafi har bayan hannu, sumul, kamar wadda ta tsoma a kwano. Malama ta bi su tana juyawa, tana gyaɗa kai. Na Hauwa, ƙaramar cikinmu, har ta kai shi hanci. Da ta zo kaina ta tsaya.

"Lalle."

Na sunkuyar da kai.

"Yaushe aka sa?"

"Jiya," na ce. Ban tabbata ta ji ba.

"Jiya. Mako biyu babu lalle, sai daren jarrabawa. Na ga mai naɗe hannu da bandeji ta ce wuƙa ce. Na ga mai cewa sabulun gidansu ne mai ƙarfi. Ke kin fi su tunani. Me kike ɓoye min a ƙarƙashinsa?"

Maganar tana nan a bakina, suna da Inna da mai lalle, amma ta ƙi fita. Wata a baya ta yi 'yar dariya.

"Masu shiru ɗin nan," in ji Malama, "su na fi tsoro. Koma ƙarshen layi."

Sai aka kira la'asar a masallacin unguwa. Malama ta ce babu jarrabawa sai an yi salla. Ta jawo ruwa ta cika buta biyu, ta ce a yi alwala a bakin kwata, wadda ba ta salla ma ta wanke hannu. Ta ɗauko kujera 'yar tsugune ta zauna a gefe tana jan carbi.

Bilki ce ta fara. Wankin hannu na farko, ruwan da ya gangara kwata shuɗi ne, kamar na ɗaurayar kayan makaranta. Kafin ta kai ga wanke fuska hannunta ya koma yadda Allah ya yi shi. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Hauwa ta yi ƙoƙarin zuba ruwan kaɗan-kaɗan.

"Cika alwalarki," in ji Malama. "Ba ni za ki yi wa ba."

Da ta bakwai ta gama, simintin kwatar ya rine. Malama ta ɗaga babban yatsanta ta nuna musu. Gefensa shuɗi ne, ya shiga cikin tsagar fata.

"Sau biyar nake wanke wannan kullum. Na Malam Sule ba ya bin ruwa. Kuma ba a tafi yake zama ba, a inda igiya ke gogawa yake zama. Bula kuwa tun kafin a haife ku ake kawo min ita. Wa ta saya?"

Kowacce ta kau da kai. Ta dube ni, ni da na gani. Na dubi butar.

"Ke ma ba za ki faɗa ba. To, zo ki yi taki."

Na tsuguna, na cire takalmi da safa. Na wanke hannu, ruwan ya fita fari. Da na zo ƙafar dama ina cuɗa tsakanin yatsu, sai na ga inuwarta a kaina.

"Tsaya. Ɗago ƙafar nan."

A gindin babban yatsana akwai zobe shuɗi, ya zagaye shi, ya fi duhu ta ciki inda fatar ta ɗan saɓule. Ni kaina ban lura da shi ba sai lokacin. Ta karɓi butar ta zuba masa ruwa, ta murza da yatsanta da ƙarfi har na ji zafi. Ta duba yatsan nata, ta sake murzawa.

"Babu mai riƙe miki igiya a gidanku?"

"Akwai," na ce.

"Amma ba ki tambaya ba."

Na girgiza kai.

"Hm," in ji ta. "Yatsan ƙafa ba ya sa hannu a kati. Ku yi salla."

Bayan salla ta ce sauran su zauna a tabarma su kalla. Ta sa na yi ƙullin kwance a bayana, ba na gani. Ta sa na haɗa igiyar guga da zaren buhu. Ta kwance kowanne da babban yatsa, tana kallon yadda yake buɗewa. Ta ba ni kwalbar ashana. Tsinke na farko iska ta kashe, na biyu na kare shi da jikina ya kama. Sannan ta nuna sandunan nan uku da tukunyar ƙarfe.

Na kwantar da sandunan a jere, na naɗa igiyar sau shida, na bi tsakanin ta farko da ta biyu na matse, na bi tsakanin ta biyu da ta uku na matse. Na tayar da su na buɗe ƙafafun. Na rataya tukunyar da ƙullin guga. Malama ta jawo ruwa guga biyu ta juye a ciki, har ya kusa baki. Igiyar ta yi ƙara, sandunan suka ɗan nutse a ƙasa.

Ta jawo kujerarta kusa. Ta cire silifa, ta miƙa ƙafarta ta dama ta ajiye a ƙarƙashin tukunyar, daidai tsakiya.

"Malama," in ji Bilki, "in ta faɗo fa?"

"In ta faɗo, ta faɗo a kan wadda ya kamata. Tun shekarar Saude haka nake yi."

Ta sa hannu ta tura tukunyar. Ta yi lilo, ruwa ya fantsalo mata a ƙauri. Ina kallon inda shuɗin bakin igiyar ya shige ƙarƙashin farin, ina jira in ga ko zai motsa ko da kaurin farce. Malama ba ta kallon sama. Ta juya wajen su Bilki ta ce igiyoyinsu suna nan, Malam Sule bai ƙaura ba, duk wadda ta shirya ta san gidan. Kansila kuma in yana son bajo, akwai teloli a kasuwa, amma kada a zo neman sunanta.

Tukunyar ta rage lilo, ta tsaya.

Ta zura hannu can ƙasan jaka ta lalubo alƙalamin. Ta ɗora katina a gwiwarta, ta karanta sunana a fili, ta tambaye ni ko ni ƙanwar Hadiza ce. Na ce e. Ta ce Hadiza ta fi ni surutu, ni na fi ta matse ɗauri. Ta sa hannu a hankali, ta hura tawadar.

"Kada ki ɗauka mun gama," ta ce. "Bayan Sallah ki dawo min da igiyar nan, ki sake kafa su a gabana. Na ga waɗanda suka iya ranar Alhamis suka manta ranar Asabar. Kuma ranar ki zo da bakinki, za ki nuna wa Hauwa."

Ta miƙo min katin. Sai da na karɓa da hannu biyu, sannan ta janye ƙafarta.